Zama barista a Ingila da Wales ga 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi

Barista lauya ne da ya ƙware wajen tsayawa gaban alƙali yana kare wanda ya ɗauke shi. A Ingila da Wales aikinsa ya bambanta da na solisita, wanda shi ne ke karɓar mai ƙara ya shirya takardu, saɓanin Najeriya inda mutum ɗaya ke riƙe da ayyukan biyu. An daɗe ana kallon sana'ar a matsayin ta 'ya'yan masu hali, kuma har yau ɗan leburori ko ɗan ƙaramin ma'aikaci yakan sha wuya kafin ya shiga cikinta.

Matakai

Ɗalibi zai fara da digirin shari'a, ko wani digirin tare da kwas na shekara ɗaya. Daga nan sai kwas ɗin horon baristoci, da shiga ɗaya daga cikin tsofaffin ƙungiyoyi huɗu na Landan: Lincoln's Inn, Gray's Inn, Inner Temple da Middle Temple. Su ne ke rantsar da sabon barista. Hukumar Bar Standards Board ce ke tsara dokokin horon.

Inda ake tsayawa

Rantsuwa ba ta ba mutum damar fara aiki. Dole ya samu gurbin koyon aiki na wata 12 a ƙarƙashin gogaggen barista, kuma masu kammala kwas sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. Wasu sukan shafe shekaru suna nema, da bashin karatu a wuyansu. A da ma ana yin wannan shekara ba tare da albashi ba. An wajabta biyan alawus daga baya, kuma a 2019 mafi ƙarancinsa ya kai fam 18,436 a Landan da 15,728 a sauran wurare.

Bayan haka akwai matsalar sanayya. Masu ɗauka sukan duba jami'ar da mutum ya yi da ziyarar gwaji da ya kai ofisoshin baristoci, abin da ke buƙatar kuɗin mota da masauki. Yanayin furucin Turanci ma kan tona asalin mutum a wajen ganawa, ko da ba a faɗa a fili ba. Rahoton Sutton Trust na 2019 ya nuna kashi 65 cikin ɗari na manyan alƙalai, waɗanda galibi tsofaffin baristoci ne, sun yi makarantun kuɗi, alhali kusan kashi 7 na yaran ƙasar ne ke zuwa irinsu.

Yawancin baristoci masu zaman kansu ne, ba su da albashin wata. Sababbi a ɓangaren laifuffuka sun fi jin jiki, abin da ya kai ga yajin aikin 2022, wanda ya ƙare bayan gwamnati ta ƙara kashi 15 cikin ɗari a kuɗin aiki.

Tallafi da misalai

Ƙungiyoyin huɗu suna raba tallafin karatu na miliyoyin fam kowace shekara, kuma Inner Temple tana da shirin samar wa ɗalibai marasa galihu guraben ziyarar gwaji.

Keir Starmer, ɗan ma'aikacin masana'anta da ma'aikaciyar jinya, ya zama barista a 1987, sannan Firaminista a 2024. Hashi Mohamed, ɗan asalin Somaliya da aka haifa a Kenya, ya isa Birtaniya yana ɗan gudun hijira mai shekara 9, ya zama barista, kuma ya rubuta littafi kan wannan batu mai suna People Like Us.