ZAMAN BAƘUNCI DA ƊAN GUZURI: ABIN DA FATAKEN GWANJA SUKA SANI

Yau rubutun zai ɗan yi tsawo, a yi mini haƙuri.

Shekaranjiya da daddare wani ƙanina da ke karatu a waje ya kira ni. Bayan gaisuwa sai ya ce, "Yaya, wallahi kuɗin da ake turo mini ba ya kai ni tsakiyar wata." Ba wai an rage masa ba ne, nairar ce ta narke. A watan Mayun 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, amma zuwa farkon 2024 ta haura naira 1,500. Wato kuɗin da uba yake tura wa ɗansa a da, sai da ya koma ninka su uku. Duk da haka a nan Zurgu da sauran ƙauyukan Rano da Kibiya, kullum sai ka ji wani zai sayar da gona ya fita waje.

Wannan ya sa na tuna cewa mu fa ba yau muka fara zaman baƙunci ba. Kakanninmu sun zauna a ƙasashen mutane da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, wasunsu har suka dawo da dukiya. To yaya suka yi?

Mu fara da fataken goro. A ƙarni na 19 ayari kan tashi daga ƙasar Kano da jakuna, ɗauke da kanwa, baƙin rini, fatu da busasshiyar albasa. Su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Borgu, su isa Salaga a ƙasar Gwanja, arewacin Ghana ta yau, su saro goro. Tafiya ce ta watanni a ƙasa. Da yawa daga Agalawa da Tokarawa masu wannan fatauci a garuruwan kudancin Kano suke zaune, maƙwabtanmu ne.

Abu na farko: ba wanda ke tafiya shi kaɗai. Ayari yana da madugu, yana da jagaba mai sanin hanya. Madugu ne ke ciniki da sarakunan hanya da masu fito a madadin kowa, don haka abin da mutum ɗaya zai biya ya ragu. Guzuri kuma daga gida ake haɗo shi, gari ne, kuka, daddawa, ƙuliƙuli, abin da ba ya lalacewa.

Abu na biyu, wanda ya fi komai: mai gida. In baƙo ya isa zango, ba ya neman ɗakin haya. Gidan wani ɗan ƙasarsu da ya riga shi zama yake sauka. Mai gida ya ba shi makwanci, ya ba shi tuwon dare, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an ci bashinsa. Shi kuma ribarsa tana cikin la'adar cinikin. Ka ga kuɗin ɗaki, wanda shi ke karya baƙo a yau, a wancan tsarin babu shi. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Ibadan, unguwar Hausawa da aka kafa a 1916, ya rubuta littafi a 1969 kan yadda wannan tsari na mai gida ya riƙe cinikin shanu da goro. Kalmarmu ta zango kuwa ita ce ta zama "Zongo" a Kumasi da Ankara har yau.

Misali mafi kusa da mu shi ne Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877. Yana yaro mahaifinsa ya rasu. Ya bi ayari har Ankara wajen mahaifiyarsa, ita kuma maimakon ta rungume shi sai ta kai shi wajen wani malami. Zaman almajirci ya yi a ƙasar mutane. An san shi da tsimi da asusu tun yana ƙarami. Da ya kama fatauci sai ya lura cewa ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Legas ya fi jan jakuna sauri. Mutumin nan shi ne a 1929 ya kai kuɗin azurfa lodin raƙuma 20 banki a Kano, kuma kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Ba kowa zai zama Ɗantata ba, na sani. Amma a lura, da asusu ya fara, ba da kece raini ba.

Sai hanyar gabas. Kafin jirgin sama, mai niyyar Hajji a ƙasa yake tafiya, ta Barno, Chadi, Darfur, har bakin Bahar Maliya. Talaka ba shi da kuɗin da zai kai shi, saboda haka tafiyar takan ɗauki shekaru. In guzuri ya ƙare sai a tsaya a yi noma, ko ɗinki, ko wanzanci, ko koyar da allo, a tara na gaba. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har Sudan, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sennar. Da aka buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, mutanenmu suna cikin waɗanda suka riƙe aikin. Darasin a nan: kuɗin aljihu yana ƙarewa, sana'ar hannu ba ta ƙarewa.

Amma kada mu yi wa tarihi kwalliya. Da yawa sun mutu a hanya. Wasu ayarorin bayi ne ke ɗaukar musu kaya. Wasu sun tafi da niyyar shekara biyu, jikokinsu ne ke can yanzu, ba su zama 'yan can sosai ba, nan ma ba a san su ba. Kuma mai gida ba waliyyi ba ne, akwai masu cin amanar baƙo.

Sannan akwai ranar da arha ba ta da amfani. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya tarwatsa kasuwar gaba ɗaya, fatake suka watsu zuwa Kete Krachi da wasu garuruwa. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama kwana 14 ya bar Ghana. Yarabawa, Hausawa, Zabarmawa, har da waɗanda aka haifa a can, suka karyar da kaya a wulaƙance suka hau manyan motoci. Mu ma a 1983, zamanin Shagari, muka kori 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya. Na kwanan nan kuwa kowa ya gani: a watan Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, ɗalibanmu suka kwana a kan iyakar Masar suna jiran a kwaso su. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa.

To ga abin da na faɗa wa ƙanina, kuma nake faɗa wa duk mai shirin fita:

1. Kada ka tafi inda ba ka da mai masauki da wani amintacce ya san shi. Ejan ɗin da ka gani a Facebook ba mai gida ba ne.
2. Ku haɗa ɗaki, ku haɗa tukunya. Mutum huɗu masu girki tare sun fi mutum ɗaya mai cin abincin saye sauƙi nesa ba kusa ba.
3. Ka ci abin da talakan garin ke ci, ka sayi kaya inda yake saye. Da ɗan gari akan ci gari.
4. Ka tafi da sana'a, amma ka fara sanin abin da bizarka ta halatta maka.
5. Takardunka su zama daidai, kuma kuɗin komawa gida su zauna gefe, ko yunwa kake ji kada ka taɓa su.
6. Ka daina tura hotunan ƙarya gida. Su ne ke sa ƙannenka su raina gonar da ke ciyar da kai.

Iyaye kuma, don Allah kafin a sayar da gona a yi lissafin zaman shekara guda da kuɗin can, ba kuɗin jirgi kaɗai ba. Fataken da jakuna da kanwa suke fita da su, gonar tana nan tana jiran su in sun dawo.

Wanda kakansa ya je Gwanja ko ya yi Hajjin ƙasa, ya ba mu labarin abin da ya ji a gidansu, mu ƙaru. Allah ya tsare 'yan'uwanmu da ke baƙunci, ya dawo mana da su lafiya. Amin.