Fijo 504 a Nijeriya: tarihinta da asalin ƙarkonta

Peugeot 504, wadda Hausawa ke kira Fijo, mota ce ƙirar Faransa mai ƙofa huɗu da aka fara nunawa a bikin baje kolin motoci na birnin Paris a 1968. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana surar jikinta, aka riƙa ƙera ta a masana'antar Sochaux da ke gabashin Faransa, kuma a 1969 ta lashe kambun motar shekara ta Turai. An daina ƙera salun ɗinta a Turai a 1983, amma a Kaduna aka ci gaba da harhaɗa ta har tsakiyar shekarun 2000, fiye da shekara ashirin bayan ƙasar da ta haife ta ta sallame ta. A Minna, duk wanda ya haura arba'in a Dutsen Kura ko Bosso ko Kpakungu, in aka tambaye shi motar da ta fi kowace ƙarko, da wuya ya ambaci wata kafin ita. Shaidar tasa gaskiya ce, sai dai dalilin da aka saba bayarwa, cewa ƙarfen dā ya fi na yanzu kauri, bai isa ba. Tarihinta ya nuna Fijo tana lalacewa kamar kowace mota, wani lokaci ma fiye da wasu. Abin da ya raba ta da sauran shi ne duk inda ta lalace ana iya tayar da ita, kuma wannan ya dogara ne da masana'anta da kayan gyara da makanikai da suka kewaye ta, daidai da yadda ya dogara da ƙirarta.

Ƙirar kanta mai sauƙi ce. Injinta mai silinda huɗu ya fara da girman cc 1796, aka ƙara shi zuwa cc 1971 a 1970, kuma wannan na biyun ne aka fi sani a Nijeriya. Ƙarfinsa bai kai doki ɗari ba a samfurin da ke amfani da kafireta, giyarta huɗu ce, gudunta kuma bai cika wuce kilomita 160 a awa ba, abin da ƙaramar motar yau za ta yi ba tare da wahala ba. Tayoyin baya ne ke tura ta, kuma sandar da ke kai musu ƙarfin injin tana cikin wani bututun ƙarfe ne da ya rufe ta, don haka dutse da laka ba sa samunta. Ƙafafunta suna da doguwar tafiya sama da ƙasa, cikinta ya ɗaga daga ƙasa, kujerunta masu taushi ne, shi ya sa take shanye gargada fasinja bai ji a ƙugunsa ba. Wani abu da mai mota bai cika gani ba amma makanike ya san darajarsa shi ne ramukan da fistin ke hawa da sauka a cikinsu: ba a jikin injin aka fafe su ba, hannayen ƙarfe ne da ake zarewa a sa sababbi. Injin da ya tsufa ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, ba sai an jefar da shi ba. A sauke shi, a sauya waɗannan hannaye da fistin da zobba, ya koma aiki. Ana iya yi wa inji guda haka sau da dama. A 1971 aka fito da doguwarta, wagon, mai layin kujeru uku, daga baya kuma a-kori-kura ta ɗaukar kaya.

Shigarta Nijeriya da ƙarfi ya biyo bayan arzikin man fetur. An kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wato PAN, a 1972 a matsayin haɗin gwiwa tsakanin gwamnatin tarayya da kamfanin Peugeot na Faransa, aka buɗe masana'antarsa a Kakuri, Kaduna, a 1975 zamanin Janar Yakubu Gowon. Zamani ne da gwamnati ta raba irin waɗannan masana'antu a sassan ƙasa: Volkswagen a Legas, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Ibadan, Mercedes a Enugu. Tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe a lokacin har jirage na shafe watanni suna jiran sauke kaya, saboda haka shekaru da dama ta sama ake kawo sassan Fijo: jiragen dakon kaya na kamfanin UTA suna tashi daga Lyon su sauka a Kano, manyan motoci su kwasa zuwa Kaduna. Wannan hanya mai tsada ta nuna abu biyu tun daga farko, yawan kuɗin da ke ƙasar da kuma yadda masana'antar ta rataya a kan kayan waje. Duk da haka, zuwa farkon shekarun 1980 dubun-dubatar motoci ke fitowa daga Kakuri kowace shekara.

Shekarar 1976 ce ta haɗa tarihin motar da na Minna. A ranar 3 ga Fabrairu gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanki Jihar Neja daga tsohuwar Jihar Arewa maso Yamma, ta mai da Minna babban birninta. Kwana goma bayan haka aka kashe Murtala, kuma gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo da ta gaje shi ta ɗauki manufar rage alfarma, inda Fijo 504 ta zama motar aikin manyan jami'ai har da shugaban ƙasa kansa. Garin da a dā aka fi saninsa da tashar jirgin ƙasa ya wayi gari yana karɓar ma'aikatan da aka dawo da su daga Sakkwato, ana buɗe ma'aikatu, unguwanni irin su Dutsen Kura suna faɗaɗa. Kowace sabuwar ma'aikata tana bukatar mota, kuma motar da aka yarda a saya guda ce. Ma'aikacin da ya kai matsayin karɓar bashin mota shi ma ita yake hange. Kaduna kuwa ba ta da nisa. Cikin ƴan shekaru ƙaramin gari ya cika da mota iri ɗaya, mai inji iri ɗaya, kuma a nan ne ƙarkon da ake yabo ya samo tushe, domin yawan abu iri ɗaya ne ke haifar da gwanaye a kansa da kasuwar kayansa.

Ana ganin haka a rayuwarta ta biyu. Motar ofis in ta tsufa sai a yi gwanjonta, ta faɗa hannun ɗan kasuwa ko direban haya. Wagon ta mamaye tashoshi, tana jigila daga Minna zuwa Suleja, Bida, Kontagora ta Zungeru da Tegina, da Kaduna. Kujerun da aka yi wa mutum bakwai sukan ɗauki fiye da haka, a ɗaure buhuna a baya har murfin ya kasa rufuwa. A wannan aiki lahaninta ya fito fili. Tana yawan zafi in lagireto ya toshe, kuma da yake kan injin na alminiyam ne, zafi ɗaya mai tsanani kan iya lanƙwasa shi. Tsatsa na cin ƙasan ƙofofi da daɓenta, musamman a wuri mai doguwar damina irin Minna, inda ruwa ke kaiwa daga Afrilu zuwa Oktoba. Wayoyin wutarta kan yi gardama. Tana shan mai. Amma a duba yadda ake magance ire-iren waɗannan. Mota ta mutu a bakin titi, makanike ya buɗe bonet, ya kwance kan kafireta da sukundireba, ya zare ɗan ƙaramin bututun da mai ke bi, ya hura shi da baki har dattin ya fita, ya goge kwantak da guntun sanfefa, ya ce wa direba ya tayar. Aikin bai kai rabin awa ba, kayan aikin kuma suna shiga aljihun riga. Yaron da ya yi shekara uku yana koyo a garejin bakin hanya a Dutsen Kura ya iya wannan, haka takwaransa na Lambata ko Kagara. Fulogi da bel da shokozoba suna nan a kowace kasuwa, sababbi da na gwangwan. Mai mota ya san ko ta tsaya ba za ta kwana a daji ba, kuma wannan kwanciyar hankali ce yake nufi in ya ce tana da ƙarko.

Za a iya cewa wannan bayani ya rage wa injiniyoyin Faransa hakkinsu, kuma akwai hujja mai nauyi a nan. A 1975 Ove Andersson ya ci tseren Safari na Gabashin Afirka da Fijo 504, a shekarar kuma Hannu Mikkola ya ci na Maroko da ita, tsere ne na dubban kilomita a kan ƙasa da duwatsu inda yawancin motocin da suka shiga ba sa kaiwa ƙarshe. Motar da ta yi haka ba ta da raunin ƙashi. Babu mai musun wannan, kuma da ƙirar ba ta da kyau, da yawan makanikai bai cece ta ba. Sai dai motar tsere ana shirya ta musamman, ayarin makanikai na biye da ita da kayan gyara, aikinta kuma na ƴan kwanaki ne. Abin da tseren ya tabbatar shi ne jikinta da ƙafafunta suna jure duka. Bai bayyana yadda motar da aka saya zamanin Shagari ta kai zamanin Abacha tana lodi a tasha ba, alhali an sauya mata kusan komai in ban da lambar jiki. Wannan tsawon rai aikin hannun masu gyara ne.

Ta ɗaya ɓangaren kuma akwai masu cewa gata ne kawai: gwamnati ta tsuga haraji a kan motocin waje, ta zama babbar mai saye, ta hana jama'a zaɓi, don haka yabon da ake yi mata yabon abin da aka saba da shi ne. Gatan kam an yi shi, kuma shi ya kawo yawan da aka ambata. Amma Volkswagen ta Legas ta sami irin wannan kariya a lokaci guda, motocinta sun yi yawa a tituna, duk da haka ba su ne suka riƙe doguwar hanya da lodi mai nauyi ba. A Jamhuriyar Nijar kuwa, inda babu masana'antar harhaɗa ta, Fijo 504 ta yi shekaru tana jigila tsakanin garuruwa irin su Maraɗi da Damagaram, da yawansu tsofaffi ne da aka tsallako Sahara da su daga Turai. A Kenya an harhaɗa ta har 2004, a Ajantina har 1999. Direban haya ba ya riƙe mota don kunya ko don kishin ƙasa, lissafin abin da zai kai gida da yamma yake yi. Gata ya buɗe mata ƙofa, dacewarta da hanya da aljihu ya zaunar da ita.

Faɗuwarta ita ce ta fi tabbatar da wannan fahimta, domin ƙirar ba ta canza ba, abubuwan da ke kewaye da ita ne suka rushe. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, ɗan Minna, ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki na SAP, aka saki naira, wadda a dā take kafaɗa da kafaɗa da dala, ta faɗi zuwa wajen naira huɗu, zuwa 1993 kuma ta haura ashirin. Masana'antar da ke sayo manyan sassanta da kuɗin waje ba ta da mafita: farashin sabuwar Fijo ya fi ƙarfin ma'aikacin da a dā yake sayenta da bashin ofis. Ƙarfen da ake fata daga masana'antar Ajaokuta bai zo ba. Sai kasuwa ta cika da motocin hannu daga Turai, ƴan Kwatano, ciki har da Toyota da Honda da Nissan waɗanda ba sa yawan neman makanike kuma ba sa shan mai sosai. Litar fetur da ake sayarwa kwabo 20 a 1982 ta kai naira 11 a 1994, sai shan man Fijo, wanda a dā ba a lissafa shi, ya zama abin dubawa kullum. A 2003 gwamnatin Obasanjo, mutumin da ya ɗora ta a kan kujerar mulki, ta kawo tsarin biyan jami'ai kuɗi maimakon saya musu motoci, babban mai saye ya janye. A 2006 aka sayar da hannun jarin gwamnati a PAN, a 2012 hukumar AMCON ta karɓe kamfanin saboda bashi. Kamfanonin taya na Michelin da Dunlop su ma sun rufe masana'antunsu na Nijeriya a tsakanin 2007 da 2008.

Dole a yarda cewa a ma'aunin rashin lalacewa motocin Japan sun fi ta, kuma masu motoci a Minna sun yanke wannan hukunci da kuɗinsu tun shekarun 1990. A ma'aunin kare rai ma an wuce ta nesa, domin ba ta da jakar iska ko birkin zamani, ga shi ana cika ta fiye da ƙima a kan hanyoyi masu ramuka. A tashoshin Minna Golf da Sharon da Fijo 406 da ƙananan bas suka karɓi aikinta, masu gyara kuma suka bi su, har ya zama matashin makanike na yau ya fi sanin na'urar kwamfuta mai gano cutar inji fiye da saitin kafireta. Waɗanda suka rage a hanya yawanci a-kori-kura ne masu ɗauko doya da hatsi daga kasuwannin karkara irin su Paiko da Gwada, sai ƴan salun da wasu dattawa suka adana, kuma kayan gyaransu na asali sai an nema. Tun bayan janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 riƙe su ya ƙara tsada. A 2022 wani sabon kamfani da Dangote ke da hannu a ciki ya fara harhaɗa Peugeot 301 a wajen Kaduna, amma ya shigo kasuwar da motocin hannu suka riga suka mamaye, ba tare da babban mai saye guda ko harajin kariya irin na dā ba.