Littafin Takarda da Na'urar Karatu: Tasirinsu ga Muhalli

A yau muna karatu ta hanya biyu: a littafin takarda, ko kuma a waya da na'urar karatu irin Kindle, wadda kamfanin Amazon ya fitar a shekarar 2007. Kowace hanya tana da nauyin da take ɗora wa muhalli.

Littafin takarda

Daga itace ake yin mafi yawan takarda. Akan sare bishiya, a daddatsa, a dafa da sinadarai har ta yi laushi, sannan a shimfiɗa a busar. Aikin yana cin ruwa da wuta masu yawa, kuma dagwalon masana'anta yana gurɓata koguna idan ba a tace shi ba. Masana'antun takarda da gwamnatin tarayya ta kafa a Jebba da Oku-Iboku da Iwopin sun durƙushe a shekarun 1990, saboda haka akasarin takardarmu daga ƙetare ake shigo da ita. Sai dai littafi ba ya buƙatar caji, kuma mutane da dama za su iya karanta kwafi ɗaya shekara da shekaru, muddin an kare shi daga gara da danshi.

Na'urar karatu

Na'ura ɗaya tana ɗaukar dubban littattafai, amma babbar illarta tana wajen ƙera ta. Sai an haƙo ma'adinai kafin a haɗa batirinta, kamar litiyam da kobal. Fiye da rabin kobal ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo yake fitowa. Idan ta lalace kuma ta zama shara mai guba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a 2022 duniya ta tara sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu aka tabbatar an sake sarrafawa bisa ƙa'ida.

Abin lura

Wanda ke karanta littattafai kaɗan a shekara, aro ya fi masa. Na'ura tana rage ɓarna ne kawai idan an karanta littattafai masu yawa da ita, ta kuma daɗe ana amfani da ita.

Don haka muna kira ga ƙananan hukumomi da hakimai da su raya ɗakunan karatu na makarantu, ɗalibai kuma su riƙa miƙa littattafansu ga na baya. Kada a ƙona tsohuwar waya ko batiri, kada kuma a jefa su a rijiya ko gona, domin hayaƙinsu da gubarsu suna cutar da mutane da dabbobi.