Baƙo a Birnin Kano: Daga Kasuwar Kurmi zuwa Sabon Gari

Tun zamanin da, Kano gari ne na baƙi. Littafin Tarihin Kano ya nuna Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349-1385), Barebari kuwa suka yi ta shigowa a ƙarni na 15, sa'ad da aka buɗe hanyar fatauci daga Barno zuwa Gwanja. Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499) shi ne ya kafa Kasuwar Kurmi, inda duk waɗannan jama'a su ke haɗuwa. Abin lura a nan shi ne yadda garin ya riƙa mai da baƙo ɗan gari, da kuma abin da ya auku sa'ad da aka sake wannan tsari.

A da, in falke ya iso Kano, ba ya sauka sai a gidan fatoma. Fatoma ya ba shi masauki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya yi masa tafinta, ya haɗa shi da dillali. Dillali ya nemo mai saye, ya karɓi la'adarsa. Ta haka Buzu mai gishiri da Banufe mai tufafi su kan yi ciniki ko da ba sa jin maganar juna, domin akwai wanda ya tsaya tsakaninsu, wanda kuma za a kama in aka ci amana. Wani Bature, Clapperton, da ya zo Kano a 1824, ya ba da labari cewa in mutum ya sayi riga a kasuwar ya tafi da ita har Barno, sa'an nan ya tarar da aibi a jikinta, ya kan komo da ita. An riga an rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin, shi zai nemo mai rigar, a mayar wa mai saye kuɗinsa. Barth kuwa, da ya zo a 1851, ya kimanta mutanen birni wajen 30,000, ya ce lokacin rani, in fatake sun cika gari, su kan kai ninki biyu.

Wanda ya zauna daga cikin baƙin nan, a cikin ganuwa ya ke zama, ƙarƙashin sarki ɗaya da alƙali ɗaya. Sunayen unguwanni sun isa shaida: ga Zangon Barebari, ga Tudun Nufawa, ga Ayagi ta Yarabawa, ga Dandalin Turawa inda Larabawan Gadamas da Tarabulus suka zauna, don su aka fara kira Turawa. Rijiya ɗaya, masallaci ɗaya, har aure ya shiga tsakani. Agalawa asalinsu daga wajen Azbin ne, amma suka zama Kanawa sosai, daga cikinsu ne aka sami Alhassan Ɗantata, babban attajirin nan da ya rasu a 1955.

Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Harshen Hausa kansa ya ɗauki alamar wannan cuɗanya. Daga Buzaye aka sami ayari da takobi da cuku, daga Larabawa gurasa da alkaki, daga Yarabawa kuma, a baya-bayan nan, akawu da ashana da keke. Har wa yau akwai wasan barkwanci tsakanin Fulani da Barebari, da Katsinawa da Nufawa, da Gobirawa da Yarabawa, watau a faɗa wa juna baƙar magana a yi dariya, ba mai fushi. Duk da haka ba kowa ya shigo da son ransa ba, gama a wannan kasuwa ta Kurmi a kan sayar da bayi, su ma zuriyarsu ta narke cikin jama'ar gari.

Turawan Ingila suka ci Kano a 1903, hanyar jirgin ƙasa ta iso a 1911. Tare da ita mutanen Kudu suka zo, akawuna da ma'aikatan jirgi da 'yan tireda, yawancinsu Kirista. Hukumar Turawa ba ta yarda su zauna cikin birni ba, sai ta yanka musu Sabon Gari a bayan ganuwa wajen 1913, aka yi musu shari'arsu dabam, makarantunsu dabam. Kwarori kuma aka ba su wurinsu kusa da tasha. Ciniki bai tsaya ba: manomi ya kawo gyaɗa, akawu Inyamuri ya auna, Bakano ya sayi atamfa a kantin Kwara, duk da Hausa a ke magana. Amma da magariba kowa ya koma nasa gefen. An san juna a kan sikeli, ba a san juna a wurin suna ko jana'iza ba, kuma babu fatoman da zai tsaya wa baƙo ya ce nasa ne.

Illar wannan ta fito fili a watan Mayu 1953. Gardamar 'yan siyasa a kan lokacin da Nijeriya za ta sami mulkin kai ta zama faɗa tsakanin mutanen birni da Fagge da na Sabon Gari, aka kwana huɗu ana yi, mutum 36 suka mutu bisa lissafin hukuma. Abin da ya auku a 1966 ya fi wannan muni ƙwarai. Dalilan rigingimun nan suna da yawa, na siyasa da na neman abinci, amma rabuwar mazauni ta sa kowane ɓangare ya gaskata mugun labari a kan ɗaya ba tare da wanda zai ƙaryata ba.

Hausawa su kan ce baƙo raɓa ne. Tarihin Kano ya nuna wanda aka ba masauki a cikin unguwa ya kan wuce raɓa, jikokinsa su tashi 'yan gari. Wanda aka ajiye a bayan ganuwa kuwa, ko ya shekara arba'in yana ciniki da mutane kullum, baƙo a ke kiransa, shi ma haka ya ke ganin kansa.