Shari'ar Ƙetaren Iyaka a Ƙasar Wurno, Rabah da Goronyo

Idan rigima ta haɗa mutanen ƙasa biyu, kafin a shiga gundarin magana sai an warware tambaya uku: wane alƙali ne ke da hurumin sauraro, wace doka za a bi, kuma yaya hukuncin zai yi aiki a ɗaya ƙasar. Wannan fanni ne da ake karantarwa a tsangayoyin shari'a na jami'o'i, amma garuruwan bakin gulbin Rima sun san matsalar tun kafin a shata iyaka.

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa Wurno a matsayin ribaɗi, ya zauna cikinta har rasuwarsa a 1837. Gari ne na bakin daga, domin arewa da gabas akwai Gobirawa da Katsinawan Maraɗi waɗanda ba su bi Sakkwato ba, kuma da su aka gwabza a Gawakuke a 1836. Duk da haka fatauci bai tsaya ba. Azbinawa na saukowa da gishiri da raƙuma, su koma da gero da tufafi, kuma inda ake ciniki dole a sami bashi, da ajiya, da gadon baƙon da ya mutu a hanya.

Abin da ya sauƙaƙa lamarin shi ne alƙalan Sakkwato da na Agadas, garin Azbinawa, mazhaba ɗaya suke bi, ta Malikiyya, littafi ɗaya suke buɗewa: Risala, da Muhtasar na Halil, da Tuhfa ta Ibn Asim. Saboda haka tambayar doka ba ta cika tasowa ba, ta hurumi ce ke da wuya. Mashahurin zance a mazhabar shi ne mai ƙara ya bi wanda ake ƙara zuwa garinsa, amma idan bashi ne yana iya nemansa duk inda ya riske shi. An kuma tsara hukuncin wanda ba ya nan gwargwadon nisansa. Na kusa a rubuta masa sammaci. Na nesa a saurari shaidu, a rantsar da mai ƙara cewa ba a biya shi ba kuma bai yafe ba, sannan a yanke, amma a bar wa wancan hujjarsa har ranar da ya dawo. Akwai kuma wasiƙar alƙali zuwa alƙali: wanda ya karɓi shaida ya rubuta, ya sa hatimi, shaidu su kai wa takwaransa ya zartar. Tsari ne mai kiyaye haƙƙin wanda bai halarta ba, kuma ya cancanci ɗaliban shari'a su san shi fiye da yadda suka sani.

Yawancin rigingimu ma ba sa kaiwa gaban alƙali. Baƙon bafatake yana sauka wurin maigida, wanda ke ba shi masauki, ya samo dillali, ya tsaya masa idan an sayar bashi. Mai saye ya gudu, maigida ne zai biya ko ya rasa baƙinsa.

Turawa suka raba wannan ƙasa. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, aka gyara layin a 1904 da 1906, sannan aka kafa alamomin iyaka. Bayan faɗuwar Sakkwato a 1903 Ingilishi suka bar kotunan alƙalai ƙarƙashin kulawar Razdan, Faransawa kuwa suka ɗora shari'ar talakawa a hannun kwamandojinsu da masu ba su shawara kan al'ada. Gobirawan Sabon Birni da na Tsibiri, 'yan uwan juna, suka wayi gari ƙarƙashin doka biyu.

Rabuwar ta ɗore bayan mulkin kai na 1960. Gwamnatin Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, ta kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Arewa, kuma jihar Sakkwato ta faɗaɗa hurumin kotunan shari'a a 2000. A Nijar kotunan gwamnati ne ke sauraron aure da gado bisa al'adar masu shari'a. Harkar kasuwanci kuwa tana bin dokokin ƙungiyar OHADA da aka kafa a 1993, wadda Nijeriya ba ta ciki.

Sakamakon haka, mai albasa ko tafarnuwa daga Goronyo da ke bin mutumin Ƙwanni ko Madawa kuɗi, ko da ya ci shari'a a gida, takardarsa ba ta aiki can sai kotun Nijar ta amince da ita, bayan an fassara ta zuwa Faransanci an ɗauki lauya. Hukuncin Nijar ma sai ya bi ta babbar kotu a Nijeriya. Kuɗin wannan hidima kan zarce bashin kansa. Matar da mijinta ya ƙetare ya bar ta ba ci ba sha ita ta fi shan wuya, domin isar da sammaci gare shi ma aiki ne. Shi ya sa har yanzu 'yan kasuwa ke kai kukansu ga sarkin kasuwa, da shugabannin ƙungiyoyinsu, da hakiman ɓangarorin biyu, waɗanda ke aika wa juna saƙo a sasanta, musamman kan bashi da ɓarnar da shanun makiyaya ke yi wa gonakin fadama.