Senti Biyar a Rana: Asibitin Hamadar da Ya Haifi Sabbin Ayyukan Lafiya

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau tarihi za mu shiga, amma tarihin da ya shafi neman aiki. Kun san yadda abin yake: da zarar lokacin JAMB ya zo, duk yaron da ya karanta kimiyya tambaya ɗaya ake yi masa a gida, "Likita za ka zama ko?" In bai samu gurbi ba, sai a ga kamar ƙofar aikin lafiya ta rufe masa ke nan. To a Amurka akwai wata cibiyar kiwon lafiya mai suna Kaiser Permanente. Tana kula da mutane fiye da miliyan 12, tana da asibitoci kusan 40. Likitocinta kimanin 24,000 ne, amma sauran ma'aikatanta sun haura 200,000. Wato a bayan kowane likita ɗaya akwai mutum takwas ko tara. Su wane ne, kuma me ya kawo su? Amsar tana cikin wata hamada, a shekarar 1933.

A lokacin Amurka na cikin mummunan karyewar tattalin arziki. Wani matashin likitan tiyata, Sidney Garfield, ya gama samun horo amma babu aikin kirki a gari. Sai ya ji dubban leburori suna aikin janyo ruwa daga Kogin Kolorado zuwa birnin Los Anjelis, suna ratsa hamadar Mojave a jihar Kalifoniya, kuma babu asibiti kusa da su. Ya ci bashi ya gina ɗan asibiti mai gado 12 kusa da wani ƙauye da ake kira Desert Center, har da na'urar sanyaya ɗaki saboda tsananin zafi.

Marasa lafiya suka zo, amma kuɗi suka ƙi zuwa. Kamfanonin inshora suna jan ƙafa wajen biya, masu manyan raunuka kuma, waɗanda jinyarsu ke kawo kuɗi, sai a kwashe su zuwa Los Anjelis. Ga shi Garfield ba ya iya korar leburan da ya zo hannu rabbana. Asibiti ya kama hanyar durƙushewa.

Ana nan sai wani jami'in inshora, Harold Hatch, ya kawo shawara. Maimakon a jira mutum ya ji rauni sannan a biya kuɗin jinyarsa, kamfanin inshora zai riƙa biyan asibitin wani adadi tsayayye a kan kowane ma'aikaci tun kafin komai ya faru. Ma'aikacin kuma, in ya so, ya ƙara senti 5 a rana daga albashinsa, a duba shi a kan duk ciwon da bai shafi aiki ba. Kamar asusu ne da kowa ke jefa ɗan abin da ya samu, ranar da buƙata ta taso a buɗe.

A nan nake so ku tsaya ku lura, don nan ne zuciyar labarin. A tsohon tsari, mara lafiya shi ne kuɗin shigar asibiti. Yawan majinyata, yawan ciniki. A sabon tsari abin ya juya: kuɗin sun riga sun shigo, saboda haka duk wanda ya kwanta, kashe kuɗi ne. Ribar asibiti tana ga mutumin da bai yi ciwo ba. Sai ga likitan tiyata yana zagaya wuraren aiki yana sa ido a kan ƙusoshin da suka fito daga katako da sauran abubuwan da ke raunata leburori. "Rigakafi ya fi magani" ya tashi daga karin magana ya koma lissafin kasuwanci. Kuma da zarar hana ciwo ya zama aiki, dole a samu masu yin sa.

A 1938 iyalan attajirin ɗan kwangila Henry Kaiser suka gayyaci Garfield zuwa jihar Washinton, inda ake gina madatsar ruwa ta Grand Coulee. Can ne aka shigar da mata da 'ya'yan ma'aikata cikin tsarin. Ka ga yanzu ba karaya da yanka kaɗai ba ne, akwai awon ciki, haihuwa da ciwon yara. Likita ɗaya ba zai iya ba. Garfield ya tara likitoci na fannoni daban-daban a ƙarƙashin rufi ɗaya, suna karɓar albashi, suna miƙa wa juna majinyata. A Amurkar wancan zamani, inda kowane likita ke da nasa ɗakin duba marasa lafiya kamar mai shago, wannan baƙon abu ne.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya faɗaɗa abin. Kaiser ya buɗe masana'antun ƙera jiragen ruwa a garin Richmond na Kalifoniya, inda ma'aikata suka kai kusan 90,000. Ƙarfafan samari sun tafi fagen daga, waɗanda suka rage su ne mata, dattawa, waɗanda soja ya ƙi ɗauka saboda rashin lafiya, da baƙaƙen fata da suka yi ƙaura daga kudancin ƙasar. A 1942 aka shimfiɗa musu tsari mai hawa uku. Akwai ɗakunan agajin farko a cikin masana'anta. Abin da ya fi ƙarfinsu a tura shi asibitin Richmond. Wanda ya fi wannan kuma a wuce da shi babban asibiti a Oakland.

Ku yi tunanin abin da ake buƙata kafin hawa ukun nan su yi aiki tare. Sai an samu nas a ɗakin agaji da za ta gane wanda za a ɗaure wa rauni ya koma bakin aiki da wanda za a tura gaba. Sai direban motar asibiti. Sai ma'aikacin ɗakin kati, wanda zai tabbatar bayanan majinyaci sun bi shi daga wannan gini zuwa wancan, kada likitan Oakland ya fara tambaya daga farko. Sai masu gwajin jini, masu ɗaukar hoto, masu harhaɗa magani, da akawun da ke lissafin kuɗin da ake cira daga albashi. In ɗaya ya yi sake, sarƙar ta tsinke.

Da yaƙi ya zo ƙarshe masana'antun suka fara sallamar ma'aikata, sai aka buɗe tsarin ga kowa da kowa a watan Yulin 1945. Ƙungiyoyin ƙwadago, musamman ta masu lodi a tashoshin jiragen ruwa, su suka riƙe shi da mambobinsu. Amma ba a sha da daɗi ba. Ƙungiyoyin likitoci suka yi caa, suka ce wannan gurguzu ne aka shigo da shi aikin likita. Akwai likitocin Permanente da aka hana su zama mambobin ƙungiyar likitocin yankinsu, abin da kan iya tauye mutum a sana'arsa. Matashin likitan da ya karɓi wannan aiki a lokacin, da sunansa yake caca.

Duk da haka sabbin ayyuka suka ci gaba da ɓullowa. A 1947 suka buɗe makarantar nas-nas tasu a Oakland don su horar da irin ma'aikatan da suke so. A cibiyarsu ta garin Vallejo, likita Herman Kabat da ƙwararriyar gashin ƙashi Margaret Knott suka inganta wata dabarar motsa jikin masu shanyewar gaɓoɓi, wadda har gobe ake koyar da ɗaliban wannan fanni. A 1955 kuma, bayan rikici mai zafi tsakanin likitoci da mutanen Kaiser a kan wa ke da iko, aka yi sulhu aka raba aiki: jinya ta likitoci ce, kuɗi da gine-gine da gudanarwa na wasu ƙwararru ne daban. Shugabancin asibiti ya zama sana'a mai zaman kanta.

Wanda labarinsa zai fi burge masu son kwamfuta shi ne Morris Collen. Injiniyan lantarki ya fara karantawa kafin ya zama likita. A 1951 ya fara wani tsarin duba lafiya inda mutum zai bi layi daga tebur zuwa tebur: awon hawan jini, jini, fitsari, hoton ƙirji, duk a zuwa ɗaya, kuma nas-nas da masu gwaji ne ke yi. Likita sai a ƙarshe, sakamako na gabansa. A 1964 aka haɗa tsarin da kwamfuta. Collen na cikin waɗanda ake ɗauka a matsayin iyayen fannin sarrafa bayanan lafiya da kwamfuta, fannin da yau yake ciyar da dubban mutanen da ba su taɓa riƙe allura ba.

Garfield da kansa ya fayyace dalilin a wata maƙala da ya buga a mujallar Scientific American a 1970. Ya kasa masu zuwa asibiti gida huɗu: masu lafiya, masu lafiya amma hankalinsu bai kwanta ba, waɗanda ciwo ya fara kamawa, da marasa lafiya sosai. In duk huɗun suka yi layi a ƙofar likita, mai ciwon gaske ne zai sha wahala. Mafita ita ce a tace su tun daga bakin ƙofa, wasu su je wurin masu gwaji, wasu wurin masu wayar da kai, lokacin likita ya tafi ga wanda ya fi buƙata.

To amma kada mu yi ta yabon ɗan kuturu. Tsarin da ke cin riba in an kashe kuɗi kaɗan yana da nasa haɗarin: ana iya matse majinyaci, ana iya matse ma'aikaci. Bayan shugaba Nixon ya sa hannu a dokar HMO a 1973, irin waɗannan kamfanoni suka yawaita, kuma zuwa shekarun 1990 Amurkawa da dama na kukan ana hana su jinya don a rage kashe kuɗi. A watan Oktoban 2023 ma'aikatan Kaiser Permanente kimanin 75,000 suka yi yajin aikin kwana uku a kan albashi da ƙarancin ma'aikata. Ba likitoci ne suka fita ba. Masu gwaji ne, masu ɗaukar hoto, masu karɓar baƙi, mataimakan jinya, masu shara. Sai da aka ɗage ganin likita da tiyatar da ba ta gaggawa ba. Kwana ukun nan sun nuna wa kowa su wa ke riƙe da asibiti.

Kalmar HMO ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Inshorar lafiya ta ƙasa da ta fara aiki a Najeriya a 2005, wadda dokar 2022 ta mayar NHIA, da hukumomin jihohi irin su KSCHMA a Kano, duk suna amfani da wannan dabara ta biyan asibiti adadi tsayayye a kan kowane mutum da aka yi wa rajista. Bambancin shi ne, a wurin Garfield mai karɓar kuɗi da asibiti da likitoci duk gida ɗaya ne, a nan kuwa galibi kowa da ofishinsa. Wannan tazara kanta aiki ce. Sai an samu mai rajista, mai tantance takardun neman biya, mai adana bayanai, mai bibiyar majinyacin da aka tura daga asibitin unguwa zuwa babban asibiti.

Saboda haka ƙanena, ƙanwata, in gurbin likitanci bai samu ba, kafin ki zauna gida shekara uku kina maimaita JAMB, ki leƙa abin da ake koyarwa a kwalejin fasahar lafiya, makarantar nas da ungozoma, ko sashen gwaje-gwaje, gashin ƙashi da adana bayanan lafiya. Ranar da kuka je asibiti kuma, ku ƙirga hannu nawa katinku ya bi kafin ya isa teburin likita.

Nan za mu dasa aya. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Ku huta lafiya.