Daga Ganuwar Tanimun Zuwa Matatar SORAZ: Wa Ke Biyan Ƙarin Aiki a Damagaram?

A zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, aka kewaye Birnin Zinder da ganuwa. Babu wata takardar kwangila. Sarki ya ba da umarni, bayi da talakawa suka haƙo ƙasa, suka kwaɓa, suka mulmula tubali, magina suka ɗora. In ruwan damina ya zaizaye wani sashe, da rani a sake tara jama'a a yi yaɓe. Komai yawan aikin, ba mai zuwa fada neman cikon lada.

Ginin gida kuwa jinga ake yi da magini, baki da baki. In aiki ya yi nisa sai mai gida ya ga yana son a ƙara zanko, ko a yi wa zaure zane irin na gidajen attajiran unguwar Zango, dole a sake zama a yi sabon ciniki kafin magini ya hau bango.

Faransawa sun ci Zinder a 1899, suka mai da ita hedkwatar Nijar daga 1911 zuwa 1926. Barikokinsu da hanyoyinsu talakawa ne suka gina su da guminsu, ƙarƙashin aikin tilas, har sai da dokar Houphouët-Boigny ta soke shi a 1946.

Zamanin rubutacciyar kwangila ya zo da tasa rigimar. A 2008 gwamnatin Tandja Mamadou ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin CNPC na ƙasar Sin kan gina matatar mai a arewacin Zinder, mai tace ganga 20,000 a rana. Da farko an yi ƙiyasin dala miliyan 600. Lokacin da aka buɗe matatar, wato SORAZ, a Nuwamban 2011, lissafin ya kai miliyan 980. Nijar ke da kashi 40 na matatar, saboda haka ƙarin ya shafi aljihun ƙasa kai tsaye, kuma gwamnatin Issoufou Mahamadou ta nemi a binciki lissafin.

Talakan Damagaram ya daina ɗaukar ƙasa a ka kyauta, amma har yau shi ke biya, da haraji da kuɗin mai. Ya kamata hukumomi su rubuta duk wani ƙarin aiki da farashinsa kafin a fara shi, su kuma bayyana wa jama'a.